Wa Ke da Zauren Iyaye?

Litinin, da hantsi

Darakta ya kira ni ofishinsa tun ban ajiye jaka ba. Bai ce in zauna ba. Ya ce, "Mai Kwamfuta, ka cire Sista daga duk zaurukanmu. Yau."

Na ce, "Wace Sista, ranka ya daɗe?" Alhali mutum ɗaya ce a cibiyar nan ake kira Sista ba a ƙara komai.

Ya dube ni ta saman tabarau. Na fito.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina zai daidaita. Cibiyarmu ta masu ciwon sikila ce. Muna da zauruka a intanet: na ma'aikata, na likitoci, sai babban cikinsu, Zauren Iyaye, inda uwaye da ubanni sama da ɗari bakwai suke tambayar juna abin da ba su samu damar tambayar likita ba. Kowane zaure yana da mambobi, yana da mai shi. Mamba karatu da rubutu kawai yake yi. Mai zaure shi ke shigar da mutum, ya fitar da mutum, ya liƙa sanarwa a sama, in ya ga dama ya rufe bakin kowa. Ni ba na bin sunaye ɗaya bayan ɗaya. Tun shekarar da na kama aiki na rubuta ɗan jerin umarni na adana. In buɗe baƙin allo, in nuna masa fayil ɗin sunaye, in ce masa "mamba" ko "mai zaure", ya zuba su ciki kafin shayina ya huce. Aikina ke nan, ni da ɗakina na ƙarƙashin bene da fankar da ke kuka kamar tsohuwar akuya.

Na cire ta daga na ma'aikata. Na cire ta daga na likitoci. Da na zo Zauren Iyaye, allon ya ƙi. Jan rubutu ya fito: ba a cire mai zaure na ƙarshe. Ita ta buɗe shi, ita kaɗai ce mai shi.

Ban taɓa jin daɗin jan rubutu ba sai yau.

Litinin, da magariba

Na koma na gaya wa Darakta. Ya ce, "To ka sa ni a matsayinta." Na kai bakin ƙofa ya ce, "A'a, dakata tukuna." Na dakata. Ya ɗauki waya, ya ajiye, ya ce in tafi zai neme ni. Bai neme ni ba.

A gida na tarar da Maman Gimbiya a gefen gado tana ta jan allon wayarta. Ta ce, "Baban Gimbiya, yau Sista ba ta yi mana sallama a zaure ba. Lafiya kuwa?"

Kullum da safe Sista takan rubuta abu ɗaya: a ba yara ruwa. Gimbiyarmu tana wata takwas aka ce mana sikila ce, kuma Sista ce ta zaunar da mu a benci ta yi mana bayani har sau uku, don na farko da na biyu kunnenmu bai ɗauki komai ba. Yanzu Gimbiya shekararta bakwai.

Na ce, "Ƙila uzuri gare ta." Na shiga wanka. Na daɗe a ciki.

Talata, da safe

Ƙofar Sista a kulle. Ta gilashi ana hango rigar sanyinta a bayan kujera, da kofinta, da kwalin alewar da take ba yara bayan allura. Wanda ya bar aiki yana barin kofinsa? Ban sani ba.

Sakatariya ta biyo ni har ƙarƙashin bene ta tura ƙofa.

"Injiniya, ka ji?"

"Na ji me?"

"An ce ta yi sa-in-sa da kwamiti." Ta rage murya. "An kuma ce ba ta da lafiya. Direba kuwa ya rantse wata cibiya ce ta ɗauke ta."

"To wanne ne a ciki?"

"Ai tambayarka na zo yi. Kai ne kake ganin komai a kwamfuta."

Haka kowa ya ɗauka. Ni sunaye kawai nake gani, da layin da ke cewa an yi ko ba a yi ba.

Talata, bayan azahar

Likitar cibiyarmu ta tare ni a matakala, farar riga a kafaɗa. Ta ce, "Kada ka sa Darakta a zauren nan. Na marasa lafiya ne, ba na ofis ba. Ni za ka sa."

Ina komawa ɗaki na ga saƙon Darakta: "Ka sa ni."

Laraba

Ban sa kowa ba. Na ce saba, babbar kwamfutar da ke riƙe da zaurukan, ita ce ke da matsala. Saba lafiyarta ƙalau.

Alhamis, da hantsi

Wani mutum ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, zaren ɗinki maƙale a hannun rigarsa. Tela ne. Makon jiya aka gwada jaririnsa aka ce masa sikila. A ɗakin jira wata mata ta ce masa ya nemi mai kwamfuta ya sa shi a zaure.

Ya miƙo waya da hannu biyu. "Malam, matata ba ta barci. Da yaron ya yi kuka sai ta ce ya fara. Mu ba mu san kukan ciwo da kukan yunwa ba."

Ƙa'ida ita ce, mai zaure ke amincewa da sababbi, ni in zuba. Duk ranar Juma'a Sista takan turo mini su. Yanzu babu mai amincewa. Na ƙara sunansa a ƙarshen babban fayil, inda masu jira suke, na ce masa ya yi haƙuri zuwa mako mai zuwa.

Ya ce, "Ba dannawa kawai ake yi ba?"

Dannawa kawai ake yi. Ban gaya masa ba.

Asabar, da yamma

Maman Gimbiya ta je gidan Sista ba ta gaya mini ba. Get a rufe. Maƙwabciya ta ce sun yi tafiya. Yaron shago ya ce da safe ya ga motarsu. Maman Gimbiya kuma ta ce ta ga labule ya motsa.

"Kai da kake aiki da ita, ba ka ji komai ba?"

"Ban ji ba."

Gaskiya na faɗa. Ban san abin da ya sa ya yi mini nauyi kamar ƙarya ba.

Gimbiya tana ƙasa tana zana gida mai tagogi goma sha. Ta ɗago ta ce, "Abba, Sista ta ce in na cika takwas za ta ba ni abin jin ƙirji in gwada." Na ce to.

Litinin, bayan la'asar

Yau kam ban san me na yi ba, amma na yi shi sau huɗu.

Da safe Darakta ya sauko da kansa ya tsaya a kaina har na sa shi. Kafin azahar Likita ta zo ta ce kwamiti bai amince ba, in cire shi in sa ta. Na yi. Sai Darakta ya bugo ya ce in mayar da shi, a bar su su biyu. Na mayar. Can kuma wani daga kwamiti, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya bugo ya ce kada a sa kowa sai sun zauna. Na cire su duka biyun.

Abin da na manta shi ne, duk abin da baƙin allo ya yi, zaure yana sanarwa. Mutum ɗari bakwai suna kallo: Darakta ya zama mai zaure. An cire Darakta. Likita ta zama mai zaure. Darakta ya zama mai zaure. An cire Likita. Wata kaka ta rubuta, "Jama'a, aljanu ne suka shiga wayar ko kuwa?"

Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. 

Litinin, bayan isha

Maman Gimbiya ta ajiye mini abinci ta zauna nesa.

"Wa ke ta sa mutane yana cirewa?"

"Na'ura ce."

"Baban Gimbiya, shekara tara ina aurenka. Na'urar ba hannunka ne a kanta ba?"

Na ce umarni ake ba ni. Ta ce umarnin me. Na ce ban sani ba. Ta ce, "Kai komai ba ka sani ba kwanan nan." Ta ɗauke tulun ruwan Gimbiya ta shiga ɗaki.

Laraba, da hantsi

Ya zo a rubuce, da hatimi. A sa Darakta, a cire Sista.

Na rubuta layin. Na karanta shi. Na tashi na gyara fanka, wadda ba ta gyaruwa. Na dawo na danna.

Koren rubutu.

Laraba, bayan azahar

Ban san haka zai faru ba. Ko na sani na manta? Ya kamata in sani.

Duk inda sunanta yake a zaure ya koma "Tsohon mamba". Wannan da sauƙi. Abin da ta liƙa a sama ne ya tafi: takardar abin da za a yi in ciwo ya tashi, da muryoyin da ta ɗauka saboda waɗanda ba sa karatu, da lambobin mutanen da suka yarda a kira su in ana neman jini. Duk a akwatinta na intanet suke ajiye, zaure hango su kawai yake yi. An kulle akwatin daga sama tun ranar farko, kuma mabuɗina bai kai can ba.

Na hau wajen Darakta da gudu. Ya ce zai duba. Wayarsa tana ta ƙara a kan tebur, iyaye suna tambaya: ina Sista, wa ya cire ta, ina takardar. Ya ce, "Yaya ake sa su yi shiru?"

Na nuna masa wurin. Shi ya danna da yatsansa. Amma ni na nuna masa.

Yanzu mai zaure kaɗai ke iya rubutu. Shi kuma bai rubuta komai ba.

Alhamis

Maman Gimbiya ba ta yi mini magana ba.

Juma'a, da yamma

Ta yi. Ina ma ba ta yi ba.

Ta ce, "Ranar da Gimbiya ta sanƙare a hannuna kana wurin aiki, muryar matar nan na kunna, ita ta ce mini in ɗumama tawul, in duba zazzaɓi, in fito. Kai ka share ta?"

"Ban share ba. Cire ta aka ce in yi."

"Meye bambancin?"

Na buɗe baki zan yi mata bayanin akwati da zaure, sai na ji yadda zai fito. Na rufe.

Lahadi, da safe

Gimbiya ta ce ƙafarta. Ta ce kaɗan ne.

Lahadi, bayan la'asar

Ba kaɗan ba ne. Muna babban asibiti.

Litinin, da hantsi

An sa mata ruwa, an yi allurar ciwo. Idonta ya yi rawaya, leɓenta fari fat. Ba ta kuka, wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Likitan ɗakin yara ya ce jininta ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara, kuma irin nata babu a ma'ajiyarsu. Na miƙa hannu na ce a ɗebi nawa. Ya ce, "Malam, kai da mamanta duk kuna ɗauke da ƙwayar sikila. A samo wanda ba ya ɗauke da ita, kuma rukuninsu ɗaya."

Na sani. Na daɗe da sani. Duk da haka na miƙa hannun.

Na kira ƙanina, rukuninsu ba ɗaya ba. Na kira Darakta, ba ya ɗauka. Na kira Likita, ta ce tana hanya daga wani gari, za ta yi ƙoƙari, amma ita ma yanzu ba ta iya rubutu a zaure.

A da, layi ɗaya uwa za ta rubuta, kafin awa guda an turo mata wani ƙanin miji ko maƙwabci.

Litinin, bayan azahar

Zan rubuta shi yadda ya faru, iyakar abin da na riƙe.

Maman Gimbiya ta fito baranda ta same ni a benci, jakata a cinya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kai ka nuna masa yadda ake rufe mana baki. Ka buɗe mini nawa in yi magana."

Na fito da ƙaramar kwamfutata. Niyyata ita kaɗai: in mayar da ita mai zaure na minti goma, ta rubuta, in cire ta, in amsa laifin gobe. Na buɗe baƙin allo. Na kira layin da na saba, na canza "mamba" zuwa "mai zaure". Saura in canza sunan fayil, in sa ƙarami mai sunanta kaɗai. Wanda ke kan layin babban fayil ne, mai kowa da kowa, har da masu jira.

Na ga sunan fayil ɗin. Ina jin na gan shi. Na danna.

Koren rubutu ya fara gangarowa bai tsaya ba. Sai waya ta yi ƙara a jakar Maman Gimbiya. Wata ta yi a cikin ɗakin yara. Wata a ƙarshen baranda, wajen matar da ke wanke kwano. Wata mata ta leƙo ta taga tana duban wayarta ta ce, "Wai ni ce mai zaure?"

Zan iya tsayar da shi. Maɓalli biyu ne. Hannuna yana kansu. Na zauna ina kallo har ya kai kan tela, wanda shi ne na ƙarshe.

Maman Gimbiya ta riga ta fito da wayarta. Tana tsaye tana rubutu da manyan yatsu biyu.

Litinin, da magariba

Mutum biyar suka zo. Biyu suka dace: wani malamin makaranta, ƙanin wata da ban sani ba, da wata budurwa mai sayar da katin waya wadda ta ce tsoron allura take ji, a riƙe mata hannu. Maman Gimbiya ta riƙe.

Jinin yana shiga. Gimbiya ta ce, "Abba, na wane ne?" Na ce na wata anti ce. Ta ce, "To yanzu ni ma zan iya sayar da kati?"

Na fita baranda. Ban san na minti nawa ba.

Talata, da safe

Masu zaure ɗari bakwai da wani abu.

Wani ya buɗe rubutu ga kowa. Wata ta canza hoton zaure ta sa jikanta. Wani ya mayar. Wata ta liƙa tallan zannuwan gado, aka yi mata caa, ta cire ta ba da haƙuri. Mata uku, har da Maman 'Yan Biyu, sun zauna sun sake rubuta takardar Sista daga abin da suka haddace, suna gardama a kan layi na huɗu. Kakar nan ta ɗauki murya ta karanta ta saboda marasa karatu, tana tari a tsakiya. Ana ta turo lambobin masu ba da jini, wasu sau biyu.

Wani kuma ya cire Darakta gaba ɗaya. Ba a san ko wane ne ba. Ni zan iya dubawa. Ban duba ba.

Wata ta shigar da Sista da adireshinta na intanet na kashin kanta, ba na cibiya ba. Tana ciki. Ba ta ce komai ba.

Laraba, da hantsi

Darakta ya ce in zauna. Wannan karon ya ce in zauna.

"Kuskure ne ko da gangan?"

"Ranka ya daɗe, ban sani ba."

"Kamar yaya ba ka sani ba?"

Na ce masa na yi niyyar abu ɗaya, na ga wani, na danna.  Fuskarsa ta faɗa, kamar shi ma ba ya barci. Ya tambayi jikin yarinya. Na ce da sauƙi. Ya ce, "Ka san cikin mutum ɗari bakwai, ɗaya zai iya share zauren nan duka da yatsa ɗaya?"

Na sani. Gaskiyarsa ne. Tun jiya abin ke cina.

Na ce, "Ranka ya daɗe, me Sista ta yi?"

Ya cire tabarau ya murza ido. "Ni ma takarda aka aiko mini."

Ban sani ba ko gaskiya ne. Ya yi kama da gaskiya.

Alhamis, bayan la'asar

Ta zo asibiti.

Ina ɓare wa Gimbiya lemo na ji ta yi ƙara, "Sista!" Ba farar riga, atamfa ce da mayafi, ta rame har agogonta yana yawo a hannu. Ta duba idon Gimbiya, ta danna farcenta, ta karanta katin da ke jikin gado kamar tana bakin aiki. Maman Gimbiya ta rungume ta tana kuka, ita tana cewa, "Haba, haba, a gaban yarinya?"

Na raka ta zuwa get. Na ce, "Sista, ni na cire ki."

"To da wa zai cire ni? Direba?"

"Me ya faru?"

Ta ce, "An ce kada in yi magana sai an gama. Kuma ko an ce in yi, rabin abin ban gane shi ba, ƙanina." Ta tsayar da mai adaidaita. Da ta shiga ta leƙo ta ce, "Layi na huɗu da suke gardama, Maman 'Yan Biyu ce ke da gaskiya. Ka gaya musu. Ni ba zan rubuta ba."

Ban tambaye ta ko za ta dawo ba. Na manta, ko na ji tsoro.

Asabar, da hantsi

An yi taro a ɗakin jira na cibiya. Kujeru ba su isa ba, wasu a ƙasa, yara suna bi ta ƙarƙashin benci. Darakta ya ce zaure na cibiya ne, dole ya zama a hannun cibiya. Kaka ta miƙe da sandarta ta ce, "Ɗana, da yake hannunka kwana biyar, me ka ce mana?" Ba wanda ya yi dariya. Shi ma bai yi fushi ba, ya dai sunkuyar da kai.

An yi ta ja har azahar. Aka tsaya a kan iyaye biyar da Likita su zama masu zaure. Darakta ya ce shi a bar shi a waje, kansa ya isa haka. Aka zaɓi Kaka, da Maman 'Yan Biyu, da wani uba mai aikin walda, da wata malama. Ta biyar Maman Gimbiya. Ta ce ita ba ta iya ba, aka ce ai ta riga ta fara.

Na sauka ƙarƙashin bene na mayar da kowa mamba, na bar shida. Na duba sunan fayil sau uku, na kira Sakatariya ta karanta mini shi da ƙarfi kafin in danna.

Litinin, da safe

An sallami Gimbiya jiya. Ni kuma yau an ba ni takarda: in zauna a gida har a kammala bincike. Ba a ce kora ba, ba a ce hutu ba. Na tambayi Sakatariya binciken me, nawa ko na Sista. Ta ce, "Injiniya, wallahi an ce iri uku."

Na miƙa mabuɗin ɗaki. Na rubuta wa wanda zai zo yadda ake amfani da jerin umarnin, na ja layi biyu a ƙarƙashin wurin sunan fayil.

Laraba, bayan la'asar

Zaman gida da rana wani iri ne. Ban san inda ake ajiye komai ba. Na wanke kwanukan da aka riga aka wanke.

Maman Gimbiya tana kan tabarma tana shigar da sababbin iyaye da hannu, ɗaya bayan ɗaya, harshe a tsakanin haƙora. Gimbiya ta jingina da ita tana karanta mata haruffa. Na ce akwai hanyar da ta fi sauri. Ta ce, "Mun ga saurinka." Amma da murmushi ta faɗa, na farko tun da abin nan ya fara.

Can ta ɗago. "Baban Gimbiya, ina sunanka a nan?"

"Ai ina ciki."

"Ba ka ciki. Na duba."

Na karɓi wayar na duba da kaina. Ba na ciki. Duk shekarun nan ta baƙin allo nake shiga, ta ƙofar baya. Na zuba mutum ɗari bakwai, ban taɓa sa kaina ba, kuma ban taɓa lura ba.

Ta ce in faɗa mata adireshina na intanet. Gimbiya ta danna da kanta.

Wayata ta yi ƙara. Sai gaisuwa ta fara shigowa. Waɗanda suka san ni suna tsokana, wai a ɓoye masa maɓalli. Wata sabuwa, wadda aka shigar yau ɗin nan kafin ni, ba ta san komai ba, ta rubuta: "Barka da zuwa, Malam. Ni ma yau na zo. Naka yaron shekararsa nawa? Yaya kuka yi da farko?"

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Mamanta ake tambaya.

Na rubuta, "Mace ce, shekararta bakwai." Na yi niyyar in tsaya nan. Har aka kira magariba ina rubutu, Maman Gimbiya tana karantawa a wayarta daga ɗaya gefen tabarmar.